Gidan da Aka Zana Daga Zaune

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda nake bi, a gadon asibiti bayan jinyar watanni. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ina zaune a gefen gadon lokacin. Na ɗauka barci ne ya ɗauke ta, har na gyara mata mayafi na ce wa mijinta ya rage murya. Sai da ma'aikaciyar jinya ta shigo ta taɓa wuyanta, ta dube mu, sannan na gane.

Tun ranar gidanki bai rabu da masu gaisuwa ba, Yaya, kuma kowa ya zauna sai ya kawo nasa labarin. Ni ina gefe ina amsawa, na kasa cewa komai, don duk lokacin da na buɗe baki kuka ne yake riga magana fita. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da kika yi wa gidana ya fi ƙarfin a bar shi a cikina ni kaɗai.

Fiye da shekara ashirin kina zanen gidaje. Ofishinki ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, ga tsohon teburin zanen nan na katako da kika ƙi rabuwa da shi ko bayan kwamfuta ta shigo. A jakarki, inda sauran mata suke ajiye turare, tef ɗin awo ne da guntun alli. Magina sun laƙaba miki suna Hajiya A-Sake, don ba ki taɓa zuwa wurin gini kin tafi ba ki ce a sake wani abu ba. Sun ɗauka ba ki sani ba, sai ranar da wani sabon lebura ya kira ki da sunan a gabanki, kika amsa masa da fara'a. Ranar rasuwarki na ga babban magininki, dattijon da ya fi kowa faɗa da ke, zaune a bakin ƙofa ya rufe fuska da hula.

Na tuna wani ɗan kasuwa da ya zo yana son falo mai ɗaukar taro, a matse kicin a ba falon. Ba ki yi masa gardama ba. Kika ce ya dawo da matarsa, kika zana girman kicin ɗin da yake so da alli a ƙasan ofis, kika sa su biyun suka shiga, kika miƙa wa matar tire, kika ce ya wuce ta kada ya taka layi. Ya gwada, ya sake gwadawa, matar tana ƙunshe dariya. Da kansa ya ce a ƙara. Haka kike, ba kya kayar da mutum da baki, sai ki tsayar da shi inda zai gani da idonsa. Ni na sha wannan tun muna yara, kuma sau da yawa haushi yake ba ni, don ni in na ga gaskiya sai na faɗe ta ko sama da ƙasa za su haɗe.

Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba. Don maigidana ne, wanda kike kira Direba.

Direban tirela ne, ya yi shekaru yana hanya. Shekara biyu da suka wuce taya ta fashe masa a kan gangara, motar ta kife da kaya. Allah Ya bar mana ransa, amma ƙashin bayansa ya taɓu, likitoci suka ce shi da tafiya sai dai wani ikon Allah. Gidan hayarmu a bene yake, matakalar kuma ƙunci gare ta. Ranar da aka sallamo shi, maƙwabta ne suka cicciɓe shi suka haura da shi, wani ya riƙe ƙafa wani ya riƙe hammata, rigarsa ta tattare, yaran layi sun yi cirko-cirko suna kallo. Da aka kwantar da shi kowa ya watse, ya ce min ba wanda zai ƙara ɗaukarsa a gaban mutane, ko da gidan ne yake cin wuta. Na ɗauka zafin ranar ne. Ashe da gaske yake.

Ya ƙi komawa asibiti, sai dai mai gashin ƙashi ya biyo shi gida. Ya sa aka sauke labule, ya kashe rediyo. Keken guragun da abokan aikinsa suka kawo masa yana ninke a bayan ƙofa, har muka fara rataya kaya a kansa. Mutumin da in ya dawo daga tafiya tun daga ƙasa ake jin muryarsa, ya koma sai eh da a'a. Yara suka koyi tafiya da sanɗa a gidan ubansu. Tsorona a lokacin guda ɗaya ne, kada ya ƙare rayuwarsa a wannan ɗakin yana kallon bango, ina shiga da abinci ina fita da shi.

Muna da fili a bayan gari, har an zuba harsashi kafin hatsarin, gidan bene ne da kika zana mana. Ya ce a sayar. Na ce ba za a sayar ba. Na zo ofishinki na zauna na yi kuka na faɗa miki komai. Kika saurare ni har na gama, sannan kika fara ba ni labarin matsalarki ta ofis. Wallahi ranar kamar in tashi in yi tafiyata.

Matsalar ita ce masu gini sun daina gane zanen layi a takarda. Kowa so yake a nuna masa gidansa a tsaye, da fenti da kujeru, kafin a ɗora bulo ɗaya, kuma matasan da suka fito makaranta suna ta kwashe aiki da hotunan kwamfuta. Kin samo manhajar kwamfuta guda uku na gwaji, kina son ki zaɓi ɗaya wadda ofis zai koma aiki da ita. Kika ce ba a gwada manhaja da gidan da ba na kowa ba, sai da gidan da aka san mutanen cikinsa, don haka namu za ki saka. Kuma wai masu shagon ƙasa suna gyara, ƙarar guduma ta hana ki sakat, a gidanmu za ki riƙa aikin da la'asar. Na leƙa shagon da zan fita, ban ga ko ƙusa ana bugawa ba.

Kika zo da kwamfutarki kika yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Da ni ce ko ɗan'uwansa, da ya ce barci yake ji. Amma ke yayar matarsa ce, kunyarki yake ji tun kafin aurenmu, dole ya gyara zama ya ce ki shigo. Kika ce yara sun cika falo da hayaniya, kika jawo ƙaramin tebur kusa da gado kika buɗe kwamfuta. Ba ki ce ya duba ba. Sai dai kin karkata fuskarta yadda ko bai so ba sai idonsa ya faɗa kai.

Manhajar farko ta fi kowacce kyau. Gidanmu ya fito a cikinta kamar na kalanda, rana tana faɗuwa a bayansa, furanni a bakin ƙofa, har da wata mota mai sheƙi da ba mu taɓa mallaka ba. Ni tuni na ce ita za a ɗauka. Kika nuna min cewa daga sama take nuna gida, ko daga tsallaken titi, in kuma ka shiga ciki sai ka ratsa bango ka wuce ba abin da zai tare ka. Kika ce wannan ta aljanu ce, su ne ba ruwansu da ƙofa. Ta biyu ta iya lissafi, tana faɗar bulo da rodi da simintin da gida zai ci, amma nauyi gare ta, kwamfutarki ta yi zafi tana huci, kuma da zarar intanet ya ɗauke sai ta tsaya cak, ga shi yawancin filayen da kike aiki ko waya da ƙyar take shiga. Ta uku kuwa ko kallo ba ta da shi. Bango kalar kwali, bishiyoyi kamar tsintsiya. Abin da take da shi kawai, ana shiga gidan a zagaya da madannai huɗu, gaba, baya, dama, hagu, kuma bango bango ne, in ka buge shi ka tsaya.

A nan kika fara tuƙinki. Kika nufi ƙofar falo kika daki ginshiƙi. Kika ja baya kika sake dukan wuri ɗaya. Kika shiga lungun da ke zuwa ɗakuna kika maƙale a kwana, kina gaba kina baya. Kwana da kwanaki kina wannan ɓarna a gaban mutumin da ya saba juya tirela a bakin kasuwa ba ta taɓa ko teburin mai talla ba. Da farko bango yake kallo. Daga baya na lura yana satar kallonki, sai kuma ya fara ajiyar zuciya duk lokacin da kika yi karo. Wata la'asar ina shigowa da shayi na ji muryarsa.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba a shan kwana haka. Ki buɗe tukuna, sannan ki karya."

"To ai ni 'yar koyo ce, Direba," kika ce. "Karɓi ka nuna min."

Kika ɗora masa kwamfutar a kan filo. Ya sa yatsu, ya sha kwanar nan ba ko gogar bango. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawo haka tun asibiti. Na ajiye tiren na koma kicin na kunna famfo don kada a ji kukana. Daga baya na tambaye ki ko da gangan kike yi, ke da kike shiga da motarki da baya tsakanin tulin yashi da tulin tsakuwa. Kika ce in bar ki da tsufanki, kina dariya ƙasa-ƙasa.

Ya yi kwanaki yana zagaya gidan a kwamfuta, har ya fara jiran la'asar. Sai wata rana kika yi abin da ya tsorata ni. Kina shigowa kika ɗauko tef kika auna keken nan na bayan ƙofa a gabansa, faɗinsa da tsayin mazauninsa. Kika ce wannan manhajar tana da abin da sauran biyun ba su da shi, ana iya gaya mata faɗin mai yawo a cikin gidan da tsayin idonsa daga ƙasa. Tun da aka fara da idon mai tsaye yake kallo, yanzu kin mayar da shi na mai zaune. Kika miƙa masa. Na ce a raina shi ke nan, Yaya ta ɓata abin da ta gyara.

Ya karɓa. Nan take gidan ya canza. Teburin kicin ya koma daidai haɓa, makunnin fitila ya yi sama, ƙofar banɗaki ta ƙi shiguwa ko ta wace kwana ya biyo. Ya zo gindin matakalar da za ta kai shi ɗakinmu na sama, ya tsaya a nan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rufe kwamfutar a hankali.

"Wannan gidan na mai ƙafa ne," ya ce.

"Gaskiyarka," kika ce. "Ni na zana shi, kuma ya tashi aiki. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban taɓa zama a keke ba. Kai za ka gaya min inda za a sake."

Kika ɗauki jakarki kika bar masa kwamfutar kika tafi. Na biyo ki har matakala ina yi miki faɗa, na ce kin fama masa ciwo, kika ce in koma abincina zai ƙone. Washegari da safe ya ce in kwashe kayan da ke kan keken in buɗe shi, yana so ya ga fili nawa yake ci in zai juya.

Manhaja ta ukun kika zaɓa. Abokan sana'arki sun yi miki dariya, suka ce da waɗannan bishiyoyin za ki kori masu kawo aiki, kuma wasunsu sun tafi ɗin wurin masu hoton faɗuwar rana. Kika ce su je, ba a kwana a cikin hoto. Tun daga lokacin duk wanda ya zo miki da gini sai kin tambaye shi wa ya fi kowa tsufa a gidan, wa ya fi gajarta, wa yake da ciwon gwiwa, sai ki saukar da idon manhajar daidai wannan mutumin ki ce maigida ya zagaya gidansa a haka. Masu gaisuwa da yawa sun faɗi wannan, ba su san a ɗakin mijina aka fara ba.

Aka soke bene, gida ya kwanta a ƙasa. Ke da Direba kuka zama abokan gardama. Ya sa kika buɗe wurin da ɗakuna suka haɗu, ya kira shi shataletale. Gangarar ƙofar gida kuwa kun daɗe kuna ja a kanta, yana cewa ba a yi wa mota mai kaya hawa irin wannan, kina cewa ya tuna fa filin nasa ba filin ƙwallo ba ne. Ya yi aski. Ya fara cin abinci da yara a falo, a kan kekensa. Maganar sayar da fili ta mutu. Aka fara gini, kina kawo masa hotuna a waya, shi kuma yana kiran babban magini yana ba da umarni. Ni kam na gode wa Allah, na ɗauka an gama.

Ke ce kika ga ba a gama ba. Kika ce min kin ba shi gida a cikin akwati, ya shige ya ja ƙofa. Gaskiya ne. Ya san kowane lungu na gidan a kwamfuta, yakan wuni a ciki, amma ko bakin matakalarmu bai taɓa leƙawa ba. In aka ce ya zo ya ga aiki sai ya ce ai yana gani.

Da gini ya kai inda za a bar gurbin tagogi, kika tsayar da bangon gaban ɗakinsa. Kika ce wa babban magini kada ya ƙara bulo ko ɗaya a wannan bangon sai mai ɗakin ya zo ya zauna ya nuna inda yake son tagarsa. Sauran bangaye suka tashi, wannan ɗaya yana nan iya gwiwa, kuma in bai tashi ba ba rufi. Kika zo kika gaya masa da kanki. Kika ce manhaja ta san faɗin kekensa da tsayin idonsa, amma ba ta san abin da ke bayan bango ba, koren fili kawai take nunawa. Ya ce ki auna ki sa ta a tsakiya kamar kowace taga. Kika ce a'a. Ranar ce kaɗai na ji ya ɗaga miki murya.

"So kike a sake ɗaukata kamar buhu, mutane suna kallo?"

"Za a ɗauke ka, Direba, kuma za a kalle ka. In an gaji da kallo kowa zai kama gabansa. Amma bangon nan ba zai tashi ba sai ka zo."

Ya juya miki baya. Kika yi masa sai anjima kamar ba abin da ya faru.

A tsakiyar wannan ja-in-ja ne ciwonki ya bayyana. Kin daɗe kina ramewa, kina cewa aiki ne. Da sakamakon asibiti ya fito ke kika tara mu kika faɗa mana da bakinki, ciwon daji ne kuma ya yi nisa, kika ce kada wanda ya yi miki kuka tun kina da rai. Zuwanki na ƙarshe gidanmu, sai da kika zauna a tsakiyar matakala kika huta kafin ki ƙarasa. Kika shigo kina haki, kika sha shayi da shi, kuka yi hirar duniya. Ba ki ambaci taga ba, shi ma bai ambata ba. Da za ki tafi ya bi ki da keke har ƙofar falo, ya tsaya a nan yana jin takunki yana sauka a hankali.

Da aka kwantar da ke na zama 'yar aike tsakanin masu taurin kai biyu. Babban magini yana ta kirana, damina tana matsowa, katakon rufi yana ajiye. Na roƙe ki ki ba shi izini ya tayar da bangon, ko don ki ga hoton gidan da rufi. Kika girgiza kai a kan filo. Kika ce in kika sa masa tagar, ranar tarewa za a sa shi a mota a sauke shi a sabon ɗaki ya sake sauke labule, ɗaki kawai aka canza masa. Na koma gida na ce masa Yaya fa tafiya take yi. Ya ce gobe. Goben ta zo ya ce jibi. Sau ɗaya ya sa kaya ya tura kekensa har bakin matakala, sai ya ji muryoyin mata a ƙasa, ya juya ya koma ɗaki. Na ji haushinsa, na ji naki, na faɗa wa kowannenku abin da ke bakina. Shi ya sunkuyar da kai. Ke kuwa kika ce in yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Ba ki ƙarasa sauran ba, ni ma ban ƙarasa miki ba.

Ranar Larabar, ni na kira shi daga asibiti. Numfashinsa kawai na ji, sannan ya kashe wayar. Abin da ya biyo baya maƙwabciyarmu ce ta ba ni labari. Ya tura kekensa bakin matakala ya ɗaga murya ya kira maƙwabtan nan ɗaya bayan ɗaya, su ɗin dai da suka haura da shi. Suka sauko da shi da keken gaba ɗaya, layi cike da mutane, yara suna kallo kamar wancan karon. Bai rufe fuska ba. Aka sa shi a mota, ya samu sallarki, ya raka ki har makwancinki. Yaya, ya sauko. Ke kika sauko da shi, amma ba ki gani ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci min rai a duk rashin nan.

Bayan 'yan kwanaki ya ce in kira babban magini mu haɗu a fili. Ya hana kowa tura shi. Ya hau gangarar da hannunsa, ya shige ƙofar gida ba ta taɓa shi ba, ya juya a shataletalensa kamar ya shekara yana yi, ya shiga ɗakin da bangonsa yake iya gwiwa. A tsakiya, inda ya ce a sa tagar, ba abin da ake gani sai katangar maƙwabci. Ya matsa hagu a hankali, sai ya tsaya. Daga wannan kusurwar, ta tsakanin katangar da wata bishiya, babban titi ne can nesa, manyan motoci suna wucewa. In kana tsaye rassan bishiyar ne suke tare maka, sai da na durƙusa kusa da shi sannan na gani. Ya daɗe yana kallo, leɓensa yana motsi, ina jin yana faɗar irin kowace mota da abin da ta ɗauko.

"A nan," ya ce wa magini. "Ka sauke ta ƙasa, ka faɗaɗa ta."

Sannan ya tambaye shi, ba tare da ya juyo ba, ko kin san da wannan wurin. Dattijon ya nuna bulo biyu da aka ɗora a kan juna a kusurwar. Ya ce duk zuwanki sai kin zauna a kansu kin daɗe kina hangen nesa, kuma kin hana a ɗauke su.

A nan ne Direba ya yi kukan da bai yi ba ranar hatsari, bai yi ba ranar jana'iza. Ya kifa kai a kan hannun kekensa yana cewa da ya sani ya zo tana nan. Ban rarrashe shi ba, don gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ba ni da bakin rarrashi. Magini ya juya ya shiga kiran ma'aikata a kwaɓa siminti.

An tayar da bangon, an zuba linta, ana jiran ta bushe a ɗora katako. Kullum da safe maƙwabta suna sauko da shi kafin su tafi aiki, yana yi musu faɗan yadda suke shan kwanar matakala. Yanzu haka da nake rubutun nan yana can wurin ginin tun safe. La'asar ta yi, abincinsa ya huce, ina leƙen titi ina jiran mijina ya dawo gida, kamar da.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu, wadda ta ga tafiyar 'yarta ta fari da idonta. Ga mijinki, wanda bai taɓa barin gefen gadonki ba har aka ce ya bari. Ga 'ya'yanki, waɗanda daga yau ɗakina ɗakinsu ne. Ga ma'aikatan ofishinki da maginanki, da duk mai kwana a ƙarƙashin rufin da hannunki ya zana. Ga Direba kuma, wanda ya rasa yaya ya rasa abokiyar gardama. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, don ni dai har yanzu ban samu nawa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Ya gafarta miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi fiye da yadda kika yalwata wa wani bawanSa ƙofa a lokacin da duniya ta yi masa ƙunci. Ya sa Aljanna ce gidanki na ƙarshe, Ya albarkaci bayanki. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa fuskokinmu da ke a can. Amin.